Aura Ta Yi Shiru

A Gaya na fara ganin ruwan da ba guga ya ɗebo shi ba. Ni ɗan ƙasar Mayahi ne, ƙauyenmu yana bayan Alasan Mairairai, inda rijiya take da zurfin da sai jakuna sun ja igiya sun yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo. Duk ruwan da na sani a cikin bido, jarkar roba, na san shi. Ranar kuwa aka ce gada a rufe take, mai son ƙetarawa Benin sai ya shiga kwale-kwale.

Aka loda mu tare da buhunan albasa da moto biyu, wato babura. Na auna da ido, tsakanin bakin jirgin da ruwa bai kai taƙi ɗaya ba. Muna kaiwa tsakiya injin ya yi tari ya mutu, ruwa ya fara juya mu a hankali. Wata mata ta kama salati. Ni kuwa na dafe ƙirjina, inda na soke kayen da nake rubutu a ciki, mai baƙin bango. Mai jirgin ya ja igiyar injin sau shida, ina ƙirgawa, a na bakwai ya tashi.

Lokacin ina shekara ta biyu a makarantar koyon kiwo a Maradi. Wani gidan kula da jakuna a arewacin Gana ya ba makarantarmu gurbin ɗalibi ɗaya, estaj, wato koyon aiki, na wata guda. Ci da kwana nasu ne, hanya kuwa ta ɗalibi ce. Mushe, malaminmu, ya zaɓe ni ba don na iya magana ba. A aji ko amsar da na sani sai na bari wani ya faɗa. Cewa ya yi ni kaɗai zan dawo musu da komai a rubuce. Inna ce ta haɗa mini guzuri, ta ce adashinta ne ya fito. Tun rasuwar babanmu ita take riƙe da gida, da jakunanta biyu, Aura da Duna, waɗanda suke ja mata ruwa ita da gidajen da take kai wa. Ranar da na baro gida duk suna turke, Aura da tsohon ciki, tana rafka kukan nan nata na safe da maƙwabta suke tsine wa, Duna yana amsa mata. Ban tambayi komai ba.

A Malanbil, ina fitowa daga jirgi, na ji an kira ni.

“Sanusi! Sanusi na Hajo! Kai ne ka girma haka?”

Wani mutum ne mai hula tsaf, Hausarsa irin tamu sak. Ya riƙe hannuna biyu-biyu.

“Ina Idi? Yana nan da rigimarshi? Ai tare muke cin kasuwar Tasawa.”

Idi kawuna ne, wan Inna. Kwana biyu ke nan ban ji wanda ya san sunana ba, sai na ji hawaye na neman zubo mini. Ya ce akwai motar da za ta kai ni har Gana ba sauyi, ya karɓi na mota, ya ɗauki jikkata zai kai wa masu lodi, ya zaunar da ni a kujerar gaba ta wata farar mota a bayan tasha. Ya ce kar in motsa, kar a ƙwace mini wuri.

Ban motsa ba. Rana ta take, ta fara karkata. Wata mai suyar doya da ke gefen katanga ta daɗe tana kallona kafin ta taso.

“Samari, wa kake jira?”

“Direba.”

Ta yi dariya har ta dafa motar. “Motar nan tun ina da cikin yarinyar can take nan. Sauko ka leƙa ɗaya gefen.”

Na zagaya. Ba taya ko ɗaya a wancan ɓangaren, duwatsu ne suka tokare ta, kaza tana kwanci a ƙasa. A nan na tuna cewa da hannuna na rubuta a jikin jikkar, da manyan baƙaƙe don kar ta ɓata, sunana da na Inna da na ƙauyenmu, da sunan Kawu Idi a matsayin wanda za a nema in wani abu ya same ni. Mutumin karanta ni kawai ya yi. Tufafina, da takalman aiki, da kilishin da Inna ta ƙunsa mini, duk sun tafi. Abin da ya rage shi ne kayen da ke ƙirjina da sauran guzurin da ta ɗinke mini a ƙugun wando.

Matar ta daina dariya da ta ga fuskata. Ta zuba mini doya da yaji a takarda, ta ƙi karɓar komai. Ta kai ni wurin ƙanen mijinta mai motar albasa da zai gangara Jugu, ta ce masa, “Ga ɗana, in ka zubar da shi a hanya kar ka dawo garin nan.” Har yau ban san sunanta ba. A kaye na rubuta “mai doya, Malanbil,” na ja layi biyu a ƙasa.

Daga nan garuruwa suka zama sunaye a allo. Kandi, Jugu, Kara, Sinkase. Warin albasa ya kama rigata ɗaya tilo har mutane suna matsawa in na zauna. A kowane shinge in an ce a sauko, sai in riƙe takarduna da hannu biyu tun kafin a tambaya, ko da yake ba abin da ban cika ba. Bayan mun shiga Gana muka ratsa wani gari da ake rikici a cikinsa. Direba ya kashe rediyo, ya yi wata magana da ban ji ba, na ga kowa ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Ta gefen ido na ga shaguna a rufe da rana tsaka, da wani gida da ya ƙone rufinsa ya rufta. Ba wanda ya yi tari har muka fita.

Rana ta biyar na isa. Gidan jakunan yana bayan gari, fili ne babba mai shinge, da itatuwan kaɗanya da rumfuna masu rufin kwano. Jakuna sun fi sittin. Akwai makaho, akwai wanda bayansa duk tabon gyambo ne, akwai wasu da aka ƙwato daga motar masu fataucin fata. Ban taɓa ganin jaki yana zaune ba aikin komai ba sai a nan. Likitar gidan mace ce, Dakta Azuma, doguwa mai saurin magana. Turancin Ingilishi take yi, ni kuwa nawa na littafi ne, in ta yi jimla goma sai in kama biyu.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne mai ba jakuna abinci, Baba Seidu, wanda ya tashi a zango, unguwar Hausawa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ranar farko da ya ce mini “Dakta ya ce ka zo,” na yi ta neman wani likitan namiji. Ya ara mini riga da takalman roba, ya ce warin albasata yana sa jakunansa atishawa.

Na cika shafuka. Yadda ake gyara kofato, yadda ake goge haƙorin da ya yi tsini yana yanka kumatu. Cewa baƙin man mota da muke shafa wa gyambo ƙona nama yake yi. Cewa tsaga hanci ba ya ƙara wa jaki numfashi, azaba ce kawai. Yadda ake huda rami a akumari, shimfiɗar da ake ɗora wa jaki kafin kaya, daidai inda ciwo yake, don kada ta taɓa shi. Suka nuna mini dunƙulen leda da aka ciro daga cikin wani da ya mutu, ya kai girman tulu. Duk abin da suka hana na san gidan da ake yin sa a ƙauyenmu, wani ma gidanmu ne.

Abinci ne ya gagare ni. Tuwonsu da tsami, miyar ba irin tamu ba, kuma ko da irin tamu ce ban jin za ta wuce. Don kada su ce na raina, sai in gutsura, in juya a miya, in kai baki, in mayar gefen kwano.

A rana ta huɗu aka kawo wata jakanya rumfar magani. Abin da ya ba ni mamaki, biyu aka kawo, alhali ɗaya ce ba lafiya. Na rubuta tambayar a kaye, na kasa yi wa Dakta, sai da ta juya baya na raɗa wa Baba Seidu.

“Wancan abokinsa ne,” ya ce. “Jaki yana zaɓan aboki ɗaya. In ka raba su, wanda aka bari zai daina ci. Ko ɗaya ya mutu, muna barin gawa a gaban ɗayan ya shinshina, ya gane da kansa. In ba haka ba zai yi ta jira.”

Ni dai jakanyar lafiya na gan ta. Tana tsaye, bakinta cikin ciyawa. Dakta ta lura da ni, ta kama hannuna ta ɗora a wuyan dabbar, ta yi mini alama in jira. Na jira. Leɓɓanta suna motsi, ciyawa tana motsi, amma ba abin da ya wuce ta ƙarƙashin tafina. Ba ta haɗiya.

“Cin ƙarya ke nan,” in ji Baba Seidu. “Doki in ciki ya murɗa masa zai yi birgima kowa ya sani. Jaki ɓoyewa yake yi. In ka ga jaki ya yi shiru, kunne ya faɗi, yana wasa da ciyawa, ka gudu neman likita.”

Dakta ta ɗebi jininta a ƙaramar kwalba ta ajiye. Bayan ɗan lokaci ta ɗaga mini a hasken rana. Ruwan da ya taso sama, wanda ya kamata ya zama garau, fari ne kamar an zuba nono. Baba Seidu ya fassara mini: in jaki ya kwana biyu-uku bai ci ba, jikinsa yakan narkar da kitsensa ya tura cikin jini, har ya fi ƙarfin hanta. Cikin 'yan kwanaki sai mutuwa. Masu ciki ya fi kamawa. Na rubuta duka, na zana kwalbar.

Da rana muna cin abinci a ƙarƙashin kaɗanya, Baba Seidu ya daɗe yana kallon wuyana.

“Ɗan Nijar,” ya ce, “kai ma cin ƙarya kake.”

Na ce na ƙoshi ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko na samu na kira gida. A ƙauyenmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai a kan wani tudu da ke bayan makaranta, don haka muka yi da yayata Rakiya za ta hau can ta jira. Na ɓoye mata zancen jikka. Ta yi ta tsokanata, wai ko na fara Turanci da jakkai.

“Inna lahiya?”

“Lahiya lau. Kowa lahiya. Har Aura ta yi hankali, maƙwabta sun samu barcin sahe.”

“Kamar yaya ta yi hankali?”

“Ta bar kukan nan nata. Tun da anka tahi da Duna ba wanda ya ji bakinta.”

Na ji kamar kwale-kwalen nan ya sake mutuwa a tsakiyar ruwa.

“Anka tahi da shi ina?”

Sai ta ce, “Wayyo, bakina. Inna ta ce kada a gaya maka.” Ba wani adashi. Duna aka sayar don in zo nan. Kawu Idi ne ya yi cinikin da wani makiyayi, Malam Agali, cikin mutanen nan da kakanninsu suka gangaro daga Azbin, mazauninsa yana arewa da mu, tafiyar yini guda a ƙasa. Ya bar Duna a gidanmu har a gama kwasar gero, shi ya sa na bar shi a turke. Ranar Litinin ya zo ya kora abinsa. Inna ta ce ba komai, ai Aura ta kusa haihuwa, za ta ba mu wani.

“Yaya, tana ci?”

“Kullum bakinta na cikin harawa.”

“Harawar tana raguwa?”

“Kai Malam Shiru, ni awon harawa nike?”

“Don Allah ki sauka ki ɗora hannu a wuyanta. Ki gani in tana haɗiya. Ki duba kunnuwanta. Ki duba ko ta yi kashi yau.”

Ta sauka. Na tsaya riƙe da waya a bakin shinge, ina kallon jakunan mutane suna cin abincinsu. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Na ƙirga a yatsu, na sake ƙirgawa ko zai ragu. Da ta sake kira tana haki, wasan ya fita daga muryarta.

“Ba ta haɗiya, Sanusi. Kunnuwan sun zube. Bakinta na wani wari. Turken kuma ba kashi sai na jiya ko shekaranjiya.”

Dakta Azuma tana ƙarƙashin rumfa tana koyar da manoma kusan talatin yadda ake ɗaura amalanke. A rayuwata ban taɓa katse babba yana magana ba. Na zauna na haɗa jimloli uku na Ingilishi a kaye, na goge, na gyara. Da na isa gabansu duk suka juyo, baƙaƙen suka narke a idona. Na buɗe shafin da na zana kwalbar, na ɗora yatsa a kai, na ce da Hausa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, “Ta uwata ce. Kwana biyar. Tana da ciki.”

Baba Seidu ya fassara. Dakta ta ce wa manoman su jira, ta ja ni gefe. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce an makara sosai, mai yiwuwa ba za ta tashi ba. Sannan ta jero abin yi, Baba Seidu yana fassarawa, ina rubutawa. Kunun gero mai ruwa-ruwa da sukari, kaɗan-kaɗan, sau da yawa, daga hannun wanda ta saba da shi. Kada a ɗaga kanta sama a yi mata ɗura, za ta ƙware, kunun ya shiga huhu. Duk ɗanyen ganye da ta saba so a kawo mata. A nemo ma'aikacin elbaj, mai duba dabbobi, ya sa mata ruwan sukari ta jijiya. A ajiye mata duk abin da ke da warin abokinta. Ta riƙe biron da ke hannuna don in ɗago in dube ta, ta faɗi na ƙarshe a hankali.

“Ya ce duk wannan sayen lokaci ne,” in ji Baba Seidu. “Maganin shi ne a dawo da ɗayan.”

Da na sake kira, Rakiya ta ce akumarin Duna yana nan rataye a zaure, Malam Agali bai tafi da shi ba. Sauran kuwa sai an bi ta kan Kawu. Da la'asar ta hau da shi tudu. Tun ina yaro in Kawu Idi yana magana ƙasa nake kallo. Ko a waya sai da na tsinci kaina na rusuna.

“To, ɗan lakwal,” ya ce, kamar yadda yake kiran duk ɗan makaranta. “An tura ka koyo magani, kai kuma ka koyo ɗaurin aure tsakanin jakkai? Jaki ne hwa. In yunwa ta ishe ta za ta ci. In ba ta ci ba gobe in sa ƙarhe a wuta in yi mata lalas a wuya, ta warware.”

“Kawu, kada ku sa mata wuta.”

“Mi ka ce?”

“Na ce kada ku sa mata wuta. Duna take nema. Ku je wurin Malam Agali ku roƙi aronshi, ko na kwana goma ne.”

Ya yi wata dariya marar daɗi. “Ciniki ya hwaɗa gaban shaidu, an sha hannu. Ni da hurhurata in tahi in ce a ba ni aron abin da na saida? Kana so a yi da ni a kasuwar Tasawa har in mutu?”

Na san in na yi shiru yanzu, irin shirun da na saba, magana ta ƙare.

“Kawu, don ni anka saida shi. In Aura ta mutu ba jaki ko ɗaya a gidan nan. Ku kun san gaba nawa ce rijiyarmu, ku kuke shiga yasarta. Ƙanwarku ce za ta ja igiyar nan da hannunta. Ni ina nan ƙasar mutane ba abin da zan iya. Ku ne kawai.”

Na ji iska tana kaɗa wayar. Na ji numfashinsa. Sai rezo ya yanke. Na kira, na kira, ba ta shiga ba.

Asabar ita ce rana mafi tsawo da na taɓa gani. Aka sa ni riƙe ƙafar wani jaki ana yanke masa kofato, na sake ta sau biyu. Da hantsi Rakiya ta kira. Mutumin elbaj ya zo a moto ya sa mata ruwa. Inna ta shimfiɗa akumarin Duna a gabanta, Aura ta sa hanci a kai ta ƙi ɗagawa. Ta lashi kunu daga tafin Inna, kamar loma uku, ta juya kai. Kawu kuwa ba a gan shi ba tun asuba, bai gaya wa kowa inda za shi ba, matarsa ta ce mai yiwuwa gona ya tafi. Da azahar ta sake kira, ta ce Aura ta kwanta. Su huɗu suka ɗaga ta, ta sake kwanciya. Inna ta ƙi shiga ɗaki, tana zaune a turke da ƙwaryar kunu.

Na je na tsaya a rumfar magani. Jakanyar nan mai farin jini ta mutu da safen, an bar ta a kwance, abokinta yana tsaye a kanta yana tura ta da hanci. Na kasa rubuta komai. Shafin ranar a kayena kwanan wata ne kawai a samansa.

Lahadi rana ta take, muna zaune ƙarƙashin kaɗanya, kwano a gabana, waya ta yi ƙara. Na ga lambar Rakiya na kasa ɗauka. Baba Seidu ne ya danna ya manna mini a kunne.

“Sanusi,” tana haki kamar ta hau tudun da gudu. “Yi shiru. Saurara.”

Da farko iska kawai na ji. Sannan daga nesa, can ƙasa wajen gidaje, na ji kukan jaki mai kauri, na Duna. Ya yi, ya tsaya. Sai wani ya biyo baya, siriri, a shaƙe, yana yankewa kamar tsohuwar ƙofa. Kukan da maƙwabta suke tsine wa ne, ba ƙarfi a cikinsa, amma shi ne. Ya hau tudun nan, ya ƙetare ƙasashe uku da kogi, ya same ni a zaune.

Rakiya tana dariya tana kuka. Ashe Kawu a ƙasa ya tafi, ya kwana can, suka taso tun kafin asuba tare da Malam Agali da kansa. Wai Kawu ya yi ta kewaye-kewaye ya kasa faɗin abin da ya kawo shi, sai Malam Agali ya nuna masa Duna, wanda ya rame, ya goge wuyansa da igiya wajen ja ta kudu. Ya ce, “Idi, dama ina neman ka. Ashe rabin jaki ka saida mini.” Suna shigowa gida Aura ta yunƙura ta tashi da kanta. Yanzu kawunansu biyu suna cikin harawa ɗaya, kuma Rakiya ta ɗora hannu a wuyanta, ta ji abu ya wuce.

Ba duka muka tsira da shi ba. Bayan kwana shida Aura ta yi ɓari, ɗan da Inna take sa rai ya fito ba rai. Ta yi wata biyu kafin ta koma bakin rijiya. Malam Agali ya bar Duna a turkenmu, ya ce in ɗan lakwal ya dawo ya riƙa zuwa yana duba masa haƙora da kofatan dabbobinsa, kuma har yau duk hutu can nake fara zuwa da kayena. Kawu Idi bai taɓa tayar mini da zancen ba, sai dai an ce ya daina sa ƙarfe a wuta.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, bayan Rakiya ta gama, ta ce ga Inna, ta hau tudun da kanta. Ban taɓa jin muryar Inna a waya ba. Ihu take yi, don tana ganin nisan wurin sai da ihu.

“Auta! Kana ji na? Ta ci! Ta sha kunun duka!”

“Na ji, Inna.”

“To kai hwa? Suna ba ka abinci? Kana ci?”

Na buɗe baki zan ce lahiya lau. Baba Seidu yana gefe, idonsa a wuyana, ya turo kwanon da ɗan yatsa har ya taɓa gwiwata.

“A'a, Inna,” na ce. “Tun da na zo ban ci ba. An sace mini jikka a hanya, da kilishinki duka. Tsoro nike ji kullum.”

Ta ce, wannan karon ba da ihu ba, “To ci yanzu. Ina nan bisa tudu, ba ni sauka sai na ji.”

Na gutsuri tuwon nan mai tsami, na kai baki, na haɗiye.